Zaɓen Otel a Barcelona Bayan Saukowa Daga Jirgin Ruwa

Jiragen ruwan yawon shaƙatawa da ke kammala zagayen tekun Bahar Rum a Barcelona ta ƙasar Sifaniya sukan iso ne da sassafe, kuma kafin hantsi ya yi nisa an sallami kusan kowa, domin a share ɗakuna a shirya wa sababbin fasinjojin da za su shiga a ranar. Otel-otel na birnin kuwa ba su cika ba da makulli ba sai ƙarfe biyu ko uku na rana. Tsakanin waɗannan lokuta biyu mutum zai shafe wasu awowi yana fama da akwatinansa, da iyalinsa idan da su ya zo, da gajiyar kwanakin da ya yi a kan ruwa, kuma a kan waɗannan awowi ya kamata a gina zaɓen masauki tun kafin a zo maganar kyan ɗaki ko hangen teku daga taga. Wanda ya kwashe mako yana kallon teku ba ya cikin ƙishirwar ganinsa.

Manyan jiragen suna tsayawa ne a Moll Adossat, can cikin tashar, a hayin gadar Porta d'Europa, kuma ba wurin da mai kaya zai ce zai taka zuwa gari ba ne. Akwai motar bas ta tashar da ke kai mutane kusa da gunkin Columbus da ke gindin titin La Rambla, amma daga nan ɗin ma sai an sake neman abin hawa. Mai akwati biyu ko uku gara ya bi layin tasi a bakin ƙofar fita. Tasin Barcelona baƙi ne da rawaya, da mita yake aiki, kuma akwai ɗan ƙarin kuɗi da hukuma ta ƙayyade ga wanda aka ɗauko daga tashar jiragen. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa kowane otel ita ce ko mota tana iya tsayawa a ƙofarsa, kuma wannan tambaya kaɗai ta isa ta zubar da rabin wuraren da ke burge mutane a hoto.

A ganina unguwar Eixample ce amsar, musamman yankin da ya tashi daga dandalin Plaça de Catalunya ya bi titunan Passeig de Gràcia da Rambla de Catalunya zuwa titin Diagonal. Injiniya Ildefons Cerdà ne ya zana wannan unguwa a 1859, bayan an fara rushe ganuwar tsohon gari, ya yanka ta murabba'i-murabba'i, kowane rukunin gidaje yana da tsawon kimanin mita 113, titunan kuma yawancinsu faɗin mita 20. Ya kuma datse kusurwar kowane rukuni, ta yadda duk mararraba ta zama ɗan fili, kuma a waɗannan kusurwoyi ne yau tasi ke tsayawa ya sauke kaya ba tare da ya tare hanya ba. Gefen titin da ake takawa shimfiɗaɗɗe ne mai faɗi, tayar akwati tana tafiya a kansa ba gargada, kuma baƙo ba ya ɓata, domin titunan a miƙe suke, ko ina aka juya ana iya ƙirga mararraba a dawo.

Amfanin wurin ya fi fitowa a ranar tafiya. Motar Aerobús mai zuwa filin jirgin sama na El Prat daga Plaça de Catalunya take tashi, A1 zuwa sashen T1, A2 zuwa T2, kuma tafiyar ba ta cika wuce minti 35 ba idan hanya ba cunkoso. Jirgin ƙasa na layin R2 Nord yana bi ta tashar Passeig de Gràcia, sai dai a T2 yake sauke mutane, alhali yawancin jiragen sama masu dogon zango daga T1 suke tashi, don haka sai an ƙara shiga motar kyauta da ke haɗa sassan biyu. Ga wanda ke da yini ɗaya tak na ganin gari, gidajen nan biyu na shahararren mai zanen gine-gine Antoni Gaudí, Casa Batlló da Casa Milà, suna kan Passeig de Gràcia, cocin Sagrada Família da aka fara ginawa a 1882 ma cikin Eixample ɗin yake, tsohon gari kuma ana isa gare shi da ƙafa bayan an ajiye kaya. A nan ne kuma aka fi samun otel-otel masu taurari uku da huɗu waɗanda ke da ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana, da ɗakin ajiyar kaya mai makulli, inda za a karɓi akwati da ƙarfe tara na safe a liƙa masa lamba a ba mai shi rabin takardar. Wannan ɗakin ajiya ya fi wurin ninƙaya na saman bene amfani nesa ba kusa ba.

Eixample tana da nata tarkon, kuma a kansa nake yawan tsayawa, domin na taɓa ɗanɗana shi. Da yawa daga cikin ƙananan masaukan unguwar hawa ɗaya ne ko biyu da aka kama a cikin tsohon benen da mutane ke zaune, ba ginin otel sukutum ba. A irin waɗannan gine-gine ƙirgen hawa ya sha bamban da yadda muka saba: bayan ƙasa akwai hawan da ake kira entresol, sai principal, sannan a fara ƙirga na ɗaya, wato abin da aka rubuta hawa na biyu yana iya zama na huɗu. Wani masauki da na taɓa sauka ya rubuta a shafinsa cewa akwai lifta, kuma akwai ɗin, amma sai an hau matakala daga bakin titi kafin a kai gare ta, ga ta ƙarama, mutum ɗaya da akwati ɗaya sun cika ta, kuma babu kowa a wurin karɓar baƙi sai azahar, sai dai a aiko wa mutum lambar buɗe ƙofa ta waya. Mai tafiya da dattijo ko yara ya tambaya a rubuce ko liftar daga daidai titi take tashi, da kuma ƙarfe nawa ake samun ma'aikaci. Ya kuma tambayi inda tagar ɗakin take kallo, domin ɗakin da aka ce na ciki ne yana iya kallon babban tsakar rukunin gidajen, wanda shi ne mafi shiru da daɗin barci, yana kuma iya kallon wani ƙunƙuntaccen rami na shigar iska inda ba a ganin komai sai bututu da shanyar maƙwabta.

Sauran unguwannin ba sa buƙatar dogon bayani. Barri Gòtic, tsohon gari, wuri ne na yawo da rana, amma lungunansa irin na cikin birnin Kano ne, inda mota ke sauke mutum a bakin titi ya ƙarasa da kaya a hannu. Kan La Rambla kanta hayaniya ce har asuba. Barceloneta da manyan otel-otel na bakin teku irin su W da Arts ana biyan kuɗin hangen ruwa ne, ruwan da aka baro da safe. Otel-otel na kusa da filin jirgin sama sun dace da wanda jirginsa zai tashi da asuba, ba su da wani amfani bayan wannan. Yankin tashar Sants ne kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, ga wanda zai wuce Madrid a jirgin ƙasa mai gudu, tafiyar kimanin awa biyu da rabi.

El Raval ta ɗan bambanta, domin a can ne ake da shagunan 'yan Pakistan da 'yan Maroko, da mahauta da gidajen abinci na halal, da ƙananan masallatai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da naman alade ke kan teburin karin kumallon kusan kowane otel. Duk da haka ban ga dalilin kwana a cikinta ba, tunda wasu lungunanta ba su da daɗin bi da dare ga baƙo, kuma daga Plaça de Catalunya 'yan mintuna ne a ƙafa. A je a ci abinci a yi sallah, a dawo a kwana a Eixample.

A wajen kwatanta farashi, a tuna cewa akwai harajin baƙi da ake biya a kan kowane mutum a kowane dare, kashi ɗaya na gwamnatin Kataloniya, yankin da Barcelona ke ciki, wanda ya danganta da darajar otel, kashi ɗaya kuma na birnin, wanda aka ɗaga zuwa yuro 4 a watan Oktoba na 2024. Yara masu shekara 16 zuwa ƙasa ba sa biya. Sau da yawa ba ya cikin farashin da ake gani a intanet, a teburin otel ake karɓarsa, don haka kada a ɗauka cuta ce. Farashin ɗaki yana tashi sosai a lokacin babban taron kamfanonin waya na Mobile World Congress a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, da lokacin bikin La Mercè a kusa da 24 ga Satumba, daren 23 ga Yuni kuwa na Sant Joan ne, ana harba wasan wuta har gari ya waye.

Cutar gaske tana wani wuri dabam, kuma ta fi yawa a gidajen haya na 'yan kwanaki. Duk gidan da aka yarda ya sauki baƙi a Barcelona yana da lambar lasisi da ke farawa da HUTB, otel kuma yana da tasa da ke farawa da HB. Magajin garin, Jaume Collboni, ya sanar a watan Yuni na 2024 cewa lasisin irin waɗannan gidaje, kimanin 10,000, zai ƙare a watan Nuwamba na 2028 ba tare da sabuntawa ba, kuma tun kafin nan hukuma tana farautar waɗanda ba su da lasisi. Macuta sukan kwafi hotunan gidan wani da lambar lasisin wani, su sa farashi mai sauƙi, sannan su ce a bar shafin a koma WhatsApp, a tura kuɗi ta banki domin a sami ragi. Duk wanda ya nemi a biya shi a wajen shafin da aka gan shi, a rabu da shi nan take. Ko da gidan na gaske ne, ba shi da inda zai ajiye kaya da safe, wanda shi ne babbar buƙatar mai saukowa daga jirgi.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan haɗari, domin tana zuwa ne bayan an riga an kama ɗaki a otel na gaske. Saƙo ne zai shigo da sunan otel ɗin, da ainihin ranar zuwan mutum da lambar ajiyarsa, a ce katin banki bai wuce ba, a danna wani adireshi a sake sa bayanan katin cikin 'yan awowi ko a soke ɗakin. Suna samun waɗannan bayanai ne ta hanyar kutse a asusun otel ɗin, shi ya sa saƙon ke kama da na gaskiya, kuma fasinjan jirgin ruwa shi ne ya fi sauƙin faɗawa, domin yana tsakiyar teku da intanet mai tsada da rauni, ga tsoron kada ya sauka ba wurin kwana. Maganinsa shi ne a kira lambar otel ɗin da ke kan shafinsa na ainihi, ba wadda ke cikin saƙon ba. Haka nan a lura da shafukan da ke fitowa a saman sakamakon bincike suna kama da na otel alhali na dillalai ne, waɗanda ke ɗora nasu kuɗin kuma ba sa mayarwa idan an fasa.

Ɓarayin aljihu na Barcelona ma sun san ranakun da jirage ke sauke mutane. Sun fi yawa a La Rambla da cikin metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma suna shiga har zauren otel cikin shiga mai kyau, su jira lokacin da baƙo ya ajiye ƙaramar jakarsa a ƙasa yana cike takarda. Akwai masu watsa wa mutum wani abu a riga su zo da sunan taimaka masa ya goge, akwai kuma masu cewa su 'yan sanda ne cikin farin kaya, su nemi ganin walat. A bakin tashar jiragen ma, wanda ya tare mutum yana tayin mota ba direban tasi mai lasisi ba ne, domin masu lasisi suna cikin motocinsu a layi. Idan wani abu ya faru, lambar gaggawa 112 ce, 'yan sandan yankin kuma su ne Mossos d'Esquadra, kuma a wajensu ake karɓar takardar rahoton da ofishin jakadanci zai nema idan fasfo ya ɓata. Otel zai nemi fasfon kowane baƙo a lokacin shiga, doka ce ta Sifaniya, amma ya duba ne ya mayar, daga nan wurin fasfon shi ne akwatin sirri na ɗaki.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana da ƙarin dalilin kama ɗaki a wurin da ke da lasisi, domin takardar otel tana cikin abin da ake dubawa a neman bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da dama har da Sifaniya, kuma dole kwanakin bizar su haɗa har da daren da za a yi bayan saukowa. Idan jirgin zai tsaya a Tunisiya, Maroko ko Turkiyya kafin ya dawo Barcelona, bizar shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba, sai mai shiga da yawa. Saboda haka a zaɓi farashin da ake iya sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada, a tabbatar katin banki yana aiki a ƙasashen waje tunda otel da yawa suna riƙe wani abu a kansa a matsayin jingina, a kuma buga takardar ajiyar ɗakin da adireshinsa a kan takarda tun daga gida, domin a miƙa wa direban tasi a Moll Adossat ko da waya ba ta kama layi ba.