Wanne Za a Fara Saya? Jagora ga Mai Son Tara Littattafan Hausa

Wanda ya ƙuduri aniyar tara littattafan Hausa a gidansa, alhali abin hannunsa bai kai ya kwashi komai a lokaci guda ba, dole ne ya tsara abin da zai fara saya da abin da zai jinkirta. Ma'aunin da nake ganin ya fi dacewa shi ne a fara da littafin da za a riƙa komawa gare shi shekara da shekaru, wanda kuma masu shi ba sa yarda su ba da aronsa. Labarin da ake gamawa cikin dare biyu ana iya samunsa wurin aboki ko maƙwabciya, amma da wuya a sami wanda zai ba da aron ƙamusunsa na wata guda. Saboda haka kuɗin farko na ƙamus ne, ko da yake na san yawancin masu shiga kantin littattafai wurin ƙagaggun labarai suke fara nufa.

Ƙamusun ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne mai saye ya fi saurin yin asarar kuɗinsa. Na Bargery, wanda ya fito a 1934 da kalmomi kusan 39,000, har yanzu ba a sami wanda ya kama ƙafarsa wajen tara tsofaffin kalmomi ba, musamman na noma da saƙa da jima da sarauta, tare da nuna wace kalma ce Sakkwatanci, wace ce Katsinanci. Sai dai bayaninsa da Turanci ne, littafin yana da nauyi da tsada idan ma an same shi, kuma tun da an riga an sanya shi a intanet, ban ga dalilin da zai sa mai ƙaramin ƙarfi ya tsiyata kansa a kansa ba. Na Abraham, wanda ya fito a 1949 aka sake buga shi a 1962, ya fi yawan misalan jimloli da karin magana, amma alamomin da ya yi amfani da su wajen nuna karin sauti suna gajiyar da ido, don haka ya fi dacewa da ɗalibin jami'a mai nazarin harshe. Wanda kuwa buƙatarsa ita ce fassara tsakanin Hausa da Turanci, ko don aikin ofis ko don yaro ɗan sakandare, ƙaramin Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci da Paul Newman da Roxana Ma Newman suka tsara a 1977 ya ishe shi farawa, in kuma da hali ya nemi babban da suka fitar a 2020 ta hannun maɗaba'ar Jami'ar Bayero, wanda ya haɗa ɓangarorin biyu a littafi ɗaya.

Ga Bahaushen da yake karatu da rubutu da Hausa, wanda ya fi cancanta shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta fitar a 2006. Fifikonsa shi ne yana bayyana ma'anar kalmar Hausa da Hausa, ba sai mutum ya bi ta wani harshe ba kafin ya gane nasa. Bai kai na Bargery zurfafawa cikin tsofaffin kalmomi ba, kuma kalmomin da waya da intanet suka kawo bayan fitowarsa ba za a same su a ciki ba, amma shi ne alƙali idan gardama ta tashi a kan yadda ake rubuta kalma. Mai saye daga Maraɗi ko Damagaram ya lura cewa littafin yana bin ƙa'idar rubutun Nijeriya ne, inda ake rubuta 'ya'ya da waƙafin sama ('), saɓanin harafi mai lanƙwasa da littattafan Nijar suke amfani da shi.

Bayan ƙamus, littafi ɗaya na nazari ya fi sauran amfani ga mai tara littattafai, wato Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC na Zariya, ya buga a 1988. Dalilin fifita shi kuwa shi ne yana nuna wa mai karatu abin da ya kamata ya nema nan gaba, domin ya bi tarihin rubutun Hausa tun daga ajami da waƙoƙin masu jihadi, ya biyo ta Hukumar Fassara da Hukumar Talifi da NORLA (hukumar samar da littattafai ta Arewa) har zuwa shekarun 1980. Iyakarsa ke nan, domin adabin kasuwar Kano, wato ƙananan littattafan labarai da marubuta suke bugawa da kansu a sayar a kasuwa, yana jariri lokacin da littafin ya fito. Littattafan Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a kan rubutacciyar waƙa da na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka ingantattu ne, sai dai an rubuta su ne domin aji da jarrabawa, saboda haka wanda ba ɗalibi ba yana iya jinkirta su har sai sha'awar fannin ta kama shi. A fannin tarihi, Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda aka fassara daga rubuce-rubucen Larabci a farkon shekarun 1930, shi ne ya kawo Tarihin Kano cikin Hausa, ga kuma Tarihin Fulani na Waziri Junaidu da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji. Waɗannan ukun ba kullum ake ganinsu a kanti ba, don haka duk ranar da aka ci karo da ɗaya daga cikinsu, ko da kwance ne, a saya ba tare da jiran tsarin da aka yi ba.

A ɓangaren ƙagaggun labarai, gidan da yake da yara babu gardama a kan abin da zai fara saya: Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930 cikin littattafai uku. Labaransa gajeru ne, ana iya karanta wa yaro ɗaya bayan sallar isha'i a ajiye, kuma Hausar da ke ciki tana gyara bakin babba ma. A sayi ukun tare in da hali, domin littafi na ɗaya ya fi yawa a kasuwa, mai saye yakan ɗauke shi da niyyar dawowa neman sauran, ya dawo ya tarar babu.

Littattafan gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da wani Bature mai suna Rupert East ya shirya ƙanana ne, kuɗinsu ma bai taka kara ya karya ba, amma ba ɗanɗano ɗaya gare su ba. Ruwan Bagaja na raha ne da yawon duniya, kuma shi ya fi saurin kama matashin da bai saba da karatu ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa labari ne mai nauyi a kan bauta da ƙetare hamada da uwa mai neman ɗanta, kuma a ganina shi ne ya fi sauran jure maimaici. Ganɗoki na Bello Kagara yana farawa da yaƙin Turawa da kirari mai tsuma jiki, daga baya ya koma duniyar aljannu, wanda hakan yakan sa wasu su ji kamar littattafai biyu aka ɗinke wuri ɗaya. Wanda zai ɗauki biyu kawai, ya ɗauki na farko da na biyu.

Daga nan sai zaɓi ya yi yawa. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi nasara a gasar NNPC, ya fito a 1980, kuma ana ƙirga shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da wata mace ta wallafa da Hausa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci, yayin da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare yake cike da ta'addanci da zubar da jini, don haka kada a saya wa yaro shi bisa zaton duk littafin Hausa na makaranta ne. A adabin kasuwar Kano kuwa, wanda wasu malamai suka daɗe suna yi wa kallon hadarin kaji, akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suna cikin waɗanda suka cancanci a mallake su. Sauran da dama aro ya wadatar a kansu, kuma mai saye ya kiyayi al'adar raba labari ɗaya zuwa ƙananan littattafai uku ko huɗu, inda shafin ƙarshe zai ce a haɗu a littafi na gaba. Ya tambayi mai kanti nawa ne cikon labarin, ya ga dukkansu a gabansa kafin ya biya.

Fannin kimiyya shi ne mafi ƙarancin kaya, kuma gara mai saye ya san haka tun daga gida. Ikon Allah, wanda East da Imam suka rubuta a kan halittu da yadda duniya take gudana, ya fito tun 1949, kafin a gano siffar ƙwayar gado (DNA) a 1953, kafin kuma ɗan Adam ya taka wata a 1969. Darajarsa a yau tana ga yadda ya iya bayyana abu mai wuya da Hausa mai sauƙi, wadda malamin firamare zai iya ara ya shiga aji da ita. Wanda yake neman sabon bayani kuwa dole ya haɗa da littattafan sakandare na Turanci, irin na Ababio a ilimin sinadarai da na Ramalingam a ilimin halittu, waɗanda ake samun kwancensu da araha bayan kowace jarrabawa. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, ƙagaggen labari ne na yaron da aka tafi da shi sararin samaniya, yana da kyau wajen sa wa yaro sha'awar taurari, amma ba littafin koyon kimiyya ba ne. Ƙananan littattafan nan na magunguna da ake yawo da su a tashoshin mota, masu alƙawarin warkar da cututtuka barkatai, ba su cikin wannan lissafi ko kaɗan, duk da kalmar bincike da ake yawan rubutawa a bangonsu.

Saura batun kwafin da za a ɗauka, domin littattafan da makarantu ke amfani da su, musamman na Imam, masu satar fasaha sun yi musu yawa. Kafin a biya, a buɗe tsakiyar littafin a bi lambobin shafi, saboda jabun bugu yakan tsallake takardu ko ya maimaita su, mutum bai sani ba sai ya kai wurin. A ɗaga shafi ɗaya sama a ga ko rubutun baya yana ratsowa, sannan a duba haruffa masu lanƙwasa, domin a bugun da aka ɗauko hotonsa daga wani tsohon kwafi lanƙwasar ɗ da ƙ takan dushe har ta ɓace, yaro mai koyon karatu ya riƙa karanta ƙafa a matsayin kafa. A zanen da ke cikin Magana Jari Ce ma ana ganewa, domin a jabu fuskokin mutane sukan zama baƙin tabo kawai. A ƙamus kuwa a duba ɗauri: wanda aka ɗinke da zare yana buɗuwa ya kwanta a kan tebur, wanda aka liƙa da gam kawai yakan fara zubar da shafuka da zarar zafin bazara ya busar da gam ɗin. Kantunan jami'o'i a Kano da Zariya da Sakkwato sun fi tabbas wajen ƙamus da littattafan nazari, ko da kuɗinsu ya ɗan ɗara, su kuwa ƙagaggun labarai ana samunsu a rumfunan kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda ake yin ciniki kuma ake rage wa wanda ya ɗauki da yawa.