Shamfu mai shuni ko farin feshi: wanne ya fi wa ƙafar doki?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shamfun nan mai ruwan shuni da farin feshi na gwangwani da kake tambaya a kai saboda fararen ƙafafun dokinka da za ka kai gasa, duka biyun na saya da kuɗina. Shamfun kwalba ta uku nake kai yanzu. Gwangwanin kuwa yana can lungun barga, ko rabinsa ban ci ba. Sayi shamfun.

Ina da goɗiya ja, ƙafafunta uku farare ne har kusan gwiwa. Duk mai irin wannan dabba ya san halin da ake ciki: ta kwana a kan fitsari da kashi, gari ya waye farin ya koma rawaya, ka wanke da sabulu har hannunka ya gaji, dattin ya fita amma rawayar tana nan daram. Shamfun ba kankare launin yake yi ba. Ɗan shunin da yake bari a jikin gashi shi ke kashe rawayar a ido, daidai da yadda ake sa wa farin kaya bula bayan wanki.

Ran jajiberin gasarmu ta farko da shi, da yamma na jiƙa ƙafafun, na fara wanke dattin da sabulun doki na kullum, sannan na shafa mai shunin da yatsu har ya kai fata. Na bar shi minti biyar kamar yadda aka rubuta a kwalbar, na ɗauraye har ruwan ya sauko garau. Na tsane da tawul, musamman lungun nan na baya da ke saman kofato inda ruwa ke maƙalewa, da ya bushe na naɗe da auduga da bandeji. Da asuba da na warware, sai da na tsaya ina kallo. Fari tas, kuma gashin ya kwanta luf, kana ganin kowane sili. A fili alƙali ya sunkuya ya shafa ƙafar tun daga gwiwa har ƙasa, ya ɗago hannunsa babu ko ƙura. Har yau in na tuna sai in ji daɗi.

Sai dai yana da sharuɗɗa. In ka bar shi ya daɗe, zai rina gashin ya koma shuɗi-shuɗi, kuma busasshen gashi irin na ƙarshen wutsiya ya fi saurin sha. Kada ka mayar da shi na kullum, don yawan wanka yana cire maiƙon da fata ke yi da kanta, wanda shi ne asalin sheƙin doki. Sannan fatar da ke ƙarƙashin farin gashi ja-ja ce, ba ta jure rana da sinadari kamar baƙa, shi ya sa ƙuraje da ɓawon ciwo na saman kofato suka fi kama fararen ƙafafu. Ka fara gwada shi a ɗan wuri kaɗan, ka jira awa 24 ka gani.

Feshin, to, yana rufe tabon tsohon ciwo in dokar gasar ta yarda, iyakarsa ke nan. Ni da na fesa, gashin ya ƙandare kamar an shafa fenti, kafin mu gama zagaye biyu ya fara tsagewa a gaɓa, ya goge a jikin ɗaya ƙafar, kuma sai da na yi wanki uku kafin ya fita. Ga ƙarar gwangwanin da ta sa goɗiyar ta yi ta ja da baya. In ma kana son ƙarin haske, garin alli ya fi shi: ka shafa ƙafa tana da ɗan danshi, ya bushe, ka kakkaɓe da buroshi sosai.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Na taɓa karɓar kwalba a hannun wani, ashe ya sirka da ruwa, ko kumfa ba ta yi. Wannan ma da sauƙi. Akwai masu ɗura haɗinsu a tsohuwar kwalba, su zuba sinadarin bilicin don a ga fari nan take, kwana biyu gashi ya fara karyewa, fata ta yi ja. Duba hatimin murfi, duba ranar lalacewa, kuma duk abin da ba a rubuta abubuwan da ke cikinsa ba, bar masa kayansa ko da ya rantse. Abin da aka shafa a fata yana iya fitowa a gwajin haramtattun sinadarai da ake yi wa dawaki a gasa. A gasar Olamfik ta 2008, wadda aka yi wasannin dawakinta a Hong Kong, an dakatar da dawakin tsalle huɗu saboda an sami sinadarin da ke sa barkono yaji a jikinsu, kuma a dalilin haka Norway ta rasa lambar tagulla. Haka nan in mai sayarwa ya ce ka haɗa da reza ta aske gashin baki, ka sani hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta haramta aske gashin nan na baki da na kewayen ido a gasanninta tun 1 ga Yuli 2021, domin da shi doki ke laluben abin da ke gaban hancinsa.

Ɗauki ƙaramar kwalba tukuna. Ka yi wankin farko saura mako biyu gasa, na biyu ran jajiberi, a tsakani kuma ka dage da share barga safe da yamma, shimfiɗarsa ta kasance a bushe. Allah ya ba da sa'a.