Sharhi kan PowerPoint: amfaninta na can bayan allo

Da PowerPoint nake haɗa duk jawabin da zan gabatar a wajen horar da ma'aikata, kuma duk da na gwada Google Slides da Keynote da Canva, har yanzu ita nake komawa. Tsohuwar manhaja ce. Robert Gaskins da Dennis Austin ne suka ƙirƙiro ta a kamfanin Forethought, ta fito a 1987 don kwamfutar Macintosh, a wannan shekarar kuma Microsoft ya sayi kamfanin kan dala miliyan 14. Daɗewar da ta yi ta sa ta tara kayan aiki birjik, sai dai waɗanda suka fi amfani ba su ne ke fara tarbar mai buɗe ta ba.

Abin da ke tarbarka shi ne gurbin take a sama da gurbin jera bayanai a ƙasa, ɗigo bayan ɗigo. Da yawanmu a nan muke juye duk abin da ke cikin kanmu. Masanin tsara bayanai Edward Tufte ya daɗe yana sukar wannan ɗabi'a, kuma misalin da ya kawo ba na wasa ba ne. Bayan da kumbon Columbia ya tarwatse a watan Fabrairun 2003 da mutum bakwai a ciki, an duba shafukan da injiniyoyi suka gabatar kan gutsuren soson rufin tankin mai da ya ɓalle ya bugi fiffikensa lokacin tashi. Taken ɗaya daga cikin shafukan yana kwantar da hankali, gargaɗin kuwa yana can ƙasa da ƙananan haruffa. Kwamitin binciken hatsarin da kansa ya soki yadda ake maye gurbin cikakken rahoto da irin waɗannan shafuka. Tun da na karanta wannan, ba na rubuta take kamar "Sakamakon bincike". Cikakkiyar jimla nake sawa, wadda ta faɗi abin da binciken ya gano, ta yadda ko ita kaɗai mutum ya karanta ya tafi da saƙon.

To ina sauran bayanin zai je? Nan ne manhajar ta fi burge ni. Kowane shafi yana da wurin rubuta bayanan mai jawabi, kuma idan aka haɗa kwamfuta da majigi, akwai fuskar da kai kaɗai kake gani, wadda ake kira Presenter View: ga shafin da kake kai, ga mai zuwa, ga bayananka, ga agogo. Jama'a kuwa hoto ɗaya ko jadawali ɗaya suke kallo. Binciken masanin halayyar ɗan'adam Richard Mayer kan koyo ya nuna cewa fahimta tana raguwa idan ana nuna wa mutum hoto, ana kuma karanto masa rubutun da yake gani a allo, domin hoton da rubutun suna gasar jan idonsa. Na ga haka da idona. Idan ina son a daina kallon allo a saurare ni, sai in danna harafin B, allon ya yi baƙi ƙirin. Idan wani ya yi tambaya kan abin da ya wuce, sai in buga lambar shafin in danna Enter, ba sai na bi shafuka da baya da baya ba.

Guy Kawasaki, marubuci kuma ɗan kasuwa a Amurka, yana da ƙa'idarsa da ta shahara: shafi 10, minti 20, girman haruffa kada ya gaza 30. Don masu neman jari ya tsara ta, shi ya sa ban ɗauki adadin shafukan a matsayin dole ba. Amma batun girman haruffa na riƙe shi gam, saboda shi ke hana mutum cusa rubutu, ko yana so ko ba ya so.

Uwar shafuka, wato Slide Master, ita ce masu tsara jawabi na sana'a ke fara buɗewa. A can ake saita launi, salon haruffa da tambari sau ɗaya, duk shafuka su bi. Mai rubutu da Hausa ya gwada ɓ, ɗ da ƙ tun a wannan mataki, don wasu salon haruffan ba su da su, sai ka ga harafin ya bambanta da 'yan'uwansa ko ya zama ɗan akwati. Akwai zaɓin ajiye salon haruffan a cikin fayil ɗin, kuma ina fitar da kwafin PDF a gefe idan da kwamfutar wani zan yi aiki.

Motsin shafuka masu juyi da walƙiya ban ga amfanin yawancinsu ba. Morph kaɗai nake taɓawa, domin yana nuna yadda abu ya tashi daga wani hali zuwa wani.

Idan mutane da yawa za su gyara jawabi lokaci guda, Google Slides ta fi sauƙi a wurina. Canva ta fi kyawawan tsare-tsaren da aka riga aka shirya. Amma jawabi mai alƙaluma, wanda jadawalinsa ke haɗe da manhajar lissafi ta Excel kuma za a gabatar a inda intanet ba ta da tabbas, PowerPoint zan ba shi.