Jan maɓallin da ya ba ni kunya a Jamus

Tun da na sauka Jamus 'yan gida ke tambayata labarin wuta. Ba a ɗaukewa, wannan kun sani. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne.

Da sanyi ya tsananta na sayi ekstenshan irin mai naɗewa a jikin ganga. Na jawo waya kamar taku uku, na bar sauran a naɗe, na jona hita mai wat 2000. Can sai ɗif. Washegari na koma shagon da faɗana, na ce lalatacce suka sayar mini. Matar ko murya ba ta ɗaga ba. Ta juya gangar, ta ɗora yatsa kan rubutu: a naɗe wat 1000, a warware 3000. Ta danna wani ɗan jan maɓalli, ya ce ƙas. Ga mutane a bayana. Wallahi kunya ta rufe ni.

Wani abokin aikina mai wayarin ne ya fayyace mini. Waya tana turje wa wutar da ke bi ta cikinta, turjiyar nan ce ke zama zafi. Tagulla kuwa, duk digiri ɗaya da ta ƙara, turjiyarta na hawa da kusan kashi 0.4 cikin 100. Daga digiri 20 zuwa 70, inda robar waya ke kai iyakarta, kashi 20 ke nan, zafi na haifar da zafi. A naɗe ba ta shan iska, shi ya sa suka dasa abin da zai yanke wuta kafin roba ta narke.

Nan take gidanmu na Tudun Wada ya faɗo mini. Watan Afrilu, kwano ya gasu, wayoyi kwance cikin silin, firji da dutsen guga da hitar ruwa duk a soket ɗaya. Mu ji ƙaurin roba, mu ce maƙwabta ne ke ƙona shara. Fiyus ya tsinke, mu ɗaure shi da waya mai kauri don kada ya sake damunmu. Ga wayar arha, alminiyum da aka shafa wa tagulla, wanda bai kai kashi biyu cikin uku na tagulla ba wajen barin wuta ta bi ta cikinsa. Haba jama'a!

Ina kewar ranar Kaduna har cikin ƙashina, amma yanzu da na tuna ta sai gabana ya faɗi. Yaya, don Allah kafin bazara a kira mai gyara ya hau silin ɗin ɗakin Inna. Ya kankare wayar da wuƙa, in fari ya bayyana a cire ta, zan turo kuɗin.