Kwalliyar kwamfuta ba tare da ta birkice ba: Windows, macOS ko Linux?

Wanda yake yini a gaban kwamfuta yana da gaskiya idan ya so ta yi masa kyau. Launin da ba ya gajiyar da ido, rubutun da ake karantawa ba sai an ƙura masa ido ba, maɓallin da yake inda hannu ya saba kaiwa, duk suna cikin abin da ke sa aiki ya tafi daidai. Inda matsalar take shi ne yawancin masu neman ado hoton da suka gani a intanet suke bi, ba sa tambayar ta ina aka bi aka samo wannan kyan. A ganina wannan tambayar ce ta kamata ta zo gaba da komai, kafin ka sauke wata manhaja ko ka biya kuɗinta, har ma kafin ka zaɓi babbar manhajar da za ka ɗora wa kwamfutar, wato wadda ke tafiyar da ita gaba ɗaya, kamar Windows, macOS ko Linux.

Ado iri uku ne, kuma abin da ya raba su shi ne zurfin da kowanne yake shiga. Akwai wanda masu babbar manhajar suka tanadar da kansu a cikin saiti, kamar hoton bango, launi, yanayin duhu ko na haske, da girman rubutu. Wannan ba ya ɓata komai, domin duk sabuntawar da za ta zo da shi aka gwada ta. Na biyu shi ne manhajar da ke zaman kanta a gefe, tana zana agogo ko hoto mai motsi a kan allo. Idan ta samu matsala ita kaɗai za ta mutu, ka rufe ta ka ci gaba da aikinka. Na uku kuwa kutsawa yake yi cikin jikin babbar manhajar, ya sauya fayilolinta ko ya cusa kansa cikin sashen da ke zana allon baki ɗaya. Shi ya fi ba da sha'awa a hoto, kuma a wurinsa ne ake zuwa neman gira a rasa ido.

Bari mu fara da Windows, tunda ita ce a hannun mafi yawan mutane. Windows 11 ta fito a watan Oktoba na 2021 da maɓallin Start a tsakiya, kuma ta zo ba tare da damar ɗaga layin manhajoji na ƙasan allo, wato Taskbar, zuwa sama ko gefe ba, kamar yadda ake yi a Windows 10. Da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a da dama sun ƙaura ba don suna so ba, kuma abin da suka fara nema shi ne yadda za su dawo da tsohuwar fuskar da suka sani. Kafin ka nemi komai daga waje, ka fara zagaya saiti tukuna. Mayar da Start hagu aikin daƙiƙa kaɗan ne. Launi, yanayin duhu, kashe sheƙin da ke nuna abin da ke bayan taga (akwatin da kowace manhaja ke buɗewa a cikinsa), duk suna nan. Har wasu abubuwan da aka cire da farko an dawo da su daga baya: jawo fayil zuwa Taskbar ya dawo a 2022, ware tagogi kowace da sunanta ya dawo a 2023. Wanda ya yi haƙuri ya same su ba tare da ya taɓa komai ba.

A mataki na biyu Windows tana da kaya masu kyau. Rainmeter kyauta ce, tana ɗora agogo, kalanda da ma'aunin aikin kwamfuta a kan allo yadda kake so. Lively Wallpaper kyauta ce ita ma, Wallpaper Engine kuma ta kuɗi ce a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, dukansu na hoton bango mai motsi ne, kuma ana iya saita su su dakata idan wata manhaja ta cika allo. Duk da haka mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya san cewa hoto mai motsi batir yake sha. Wadda na fi ba wa muhimmanci a nan ita ce PowerToys, wadda Microsoft ce da kanta take fitarwa. Sashenta na FancyZones yana ba ka damar yanka allo gida-gida, kowace taga ta faɗa gurbinta. Ba za ta burge mai kallon hoto ba, amma tana gyara yadda ake aiki fiye da kowane launi.

Sai mataki na uku, inda ake samun StartAllBack da Start11 (ita ta biyun ta kamfanin Stardock ce), waɗanda na kuɗi ne, da ExplorerPatcher da Windhawk da Open-Shell, waɗanda kyauta ne. Suna yin abin da saiti ba ya yi, ba musu. Sai dai ka san abin da kake saye. A Windows akwai wani shiri mai suna explorer.exe wanda shi ke riƙe da Taskbar, da tamburan kan allo, da tagogin folda. Galibin waɗannan manhajoji a jikinsa suke rataye, kuma sun dogara ne da wasu sassa na ciki da Microsoft ba ta taɓa alkawarin barin su yadda suke ba. Ranar da sabuntawa ta motsa ɗaya daga ciki, abin da za ka gani shi ne ka shigar da kalmar sirri, allo ya yi baƙi, kibiyar linzami kaɗai ke yawo, Taskbar ta ɓullo ta ɓace, ta sake ɓullowa ta sake ɓacewa, ba ka iya danna komai. Fayilolinka suna nan lafiya, amma ƙofar isa gare su ta rufe, sai dai ka danna Ctrl da Shift da Esc ka buɗe Task Manager, mai nuna manhajojin da ke gudana, ka lallaɓa ta nan ka cire abin da ka sa. Wannan ba zato ba ne. Bayan sabuntawar ƙarshen Fabrairun 2023, Microsoft ta fitar da sanarwa cewa irin waɗannan manhajoji na iya hana Windows tashi yadda ya kamata, ta ambaci ExplorerPatcher da StartAllBack da suna, ta kuma ba da shawarar a cire su kafin a sabunta.

Ban ce kada a yi amfani da su ba. Idan Start ɗin Windows 11 yana hana ka sakat, ka zaɓi guda ɗaya tak, kada ka tara biyu ko uku suna kokawa a kan abu ɗaya. Kafin ka zaɓa, ka duba ranar da aka fitar da sigarta ta ƙarshe, domin manhajar irin wannan da ta yi watanni ba a taɓa ta ba haɗari ce. Masu sayarwa suna da dalilin gaggauta gyara tunda abincinsu ne, na kyauta kuma ya danganta da lokacin da masu sa kai suka samu, ko da yake wasunsu suna da himma ƙwarai. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mutum ya kashe sabuntawa gaba ɗaya don kada adonsa ya lalace. Gyaran tsaro yana fitowa ne ranar Talata ta biyu a kowane wata, kuma babu kyan allon da ya kai a bar kwamfuta a buɗe ga ɓarayin bayanai. Dakatar da shi na 'yan kwanaki har mai manhajar ya daidaita tasa, wannan daidai ne. Su kuwa kunshin da ke alkawarin mayar da Windows kamar Mac a dannawa ɗaya, da kwafin Windows da wani ya yi wa kwaskwarima ya ɗora a intanet, ka yi nesa da su. Ba ka san abin da aka cire ba, ba ka kuma san abin da aka ƙara ba.

Maganar macOS gajeriya ce, domin Apple ta rufe ƙofar da gangan. Tun El Capitan a 2015 aka kawo kariyar da ake kira SIP mai hana taɓa fayilolin tsarin, a Big Sur na 2020 kuma aka hatimce sashen tsarin baki ɗaya. Abin da aka bar maka shi ne yanayin duhu da zaɓin launi da suka zo da Mojave a 2018, ƙananan allunan bayanai a kan allo tun Sonoma a 2023, da rina tambura da folda a Tahoe na 2025. Manhajoji irin su Rectangle na jera tagogi suna aiki lafiya a gefe. Duk wadda ta ce sai ka sassauta SIP kafin ta yi cikakken aiki, ka tsaya ka yi tunani sosai. Mac ta wanda fuskarta ta riga ta yi masa ce, wanda kuma yake son sauya komai zai sha takaici.

A Linux ne zancen ya faɗaɗa, domin a can fuskar daban take da gangar jikin, kana iya zaɓar wadda ka ga dama. KDE Plasma ita ce wadda na fi nuna wa mai son ado na gaske. Abin da sai an kutsa ake samu a Windows, a Plasma cikin saiti yake: ka kai layin manhajoji sama ko gefe, ka yi guda biyu, ka sauya siffar menu, tambura, gefen taga, inuwa, har wurin da maɓallin rufewa yake zama. Ma'ana mataki na uku ya koma na ɗaya, kuma wannan shi ne babban dalilin zaɓarta. Amma akwai wuri ɗaya da ya kamata a yi hattara. Kunshin da ake kira Global Theme, wanda ake saukewa daga taskar da kowa ke iya ɗora kaya, ba launi da hoto kaɗai ne a cikinsa ba, yana iya ɗaukar umarnin da kwamfuta za ta zartar. A watan Maris na 2024, jim kaɗan bayan fitowar Plasma 6, wani kunshi mai kuskure a rubutunsa ya share fayilolin wani mai amfani, har masu KDE suka fito suka yi gargaɗi. Saboda haka ka fi aminta da tsarin launi, hoton bango da tambura irin su Papirus, ka ɗauko su ɗaya bayan ɗaya daga ma'ajiyar manhajoji ta rabon Linux ɗinka, wato nau'in Linux ɗin da ka girka, ka haɗa naka da hannunka.

GNOME, wata fuskar Linux, akasin haka take. Masu ita suna da fuskar da suka yi imani da ita, kuma tun GNOME 42 a 2022, da manhajojinta suka fara komawa kan libadwaita, kayan ginin da ke ƙayyade kamanninsu, sauya musu kamanni ya zama wahala. Sai a GNOME 47 na 2024 aka sa zaɓin launi a saiti. Sauran abin da kake so sai ta ƙananan ƙarin da ake kira extensions, su kuma a cikin jikin fuskar suke gudana, kusan irin halin da muka gani a Windows. GNOME tana fitar da sabuwar siga duk wata shida, a Maris da Satumba, kuma a GNOME 45 na 2023 an sauya tsarin rubuta su ta yadda tsofaffin duka sai da aka sake gyara su kafin su yi aiki. Idan GNOME ta yi maka yadda take, tana da natsuwa ƙwarai, ƙari biyu ko uku sanannu sun isa. Idan kuwa sai ka jibga mata goma kafin ka ji daɗinta, ba ita ce taka ba.

Cinnamon ta Linux Mint tana tsakiya: fuska irin wadda mai Windows ya saba, ado daidai gwargwado, ga rashin yawan sauye-sauye. Xfce ta dace da tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Su kuma hotunan nan masu ɗaukar ido na tagogi jere ba gefe, galibi i3 ne ko Sway ko Hyprland, inda komai da rubutu ake saita shi a fayil. Suna da daɗi ga mai lokaci da sha'awar koyo, amma ban ba mutum shawarar ya fara da su a kwamfutar da yake neman abinci da ita ba.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne gindin da fuskar take zaune a kai, wato rabon Linux ɗin. Plasma ɗaya ce, amma a kan Arch, inda sabbin kaya ke shigowa kullum, adonka zai riƙa gamuwa da sauyi a kai a kai. A kan Debian ko sigar LTS, mai dogon tallafi, ta dangin Ubuntu kuwa, wadda ke fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, abin da ka gyara yau haka za ka same shi baɗi. Mint tana ba da tallafin shekara biyar ga kowace babbar siga. Fedora Kinoite ta bi wata hanya, ta kulle gangar jikin, ta kuma ajiye maka sigar da ta gabata, idan sabuwa ta ƙi sai ka tashi da tsohuwar. Ga mai son ado mai zurfi da kwanciyar hankali a lokaci guda, Plasma a kan gindi mai tafiyar hawainiya ita ce inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu. Sai dai kada kyan allo ya sa ka ƙaura alhali aikinka ya rataya a kan Photoshop ko Microsoft Office na kan kwamfuta, domin ba a yi su don Linux ba. Ka ɗora Linux ɗin a filashi ka tashi kwamfutar da ita ba tare da ka girka ba, ka ga ko Wi-Fi da sauti da firinta suna aiki.

Ko wacce ka zaɓa, ka shirya hanyar komawa baya kafin ka taɓa wani abu. A Windows ka tabbatar System Restore, mai mayar da tsarin yadda yake a baya, a kunne yake, domin a kwamfutoci da yawa a kashe yake zuwa, sannan ka ajiye matsayar da za ka iya komawa kafin sa duk wata manhajar mataki na uku. A Mint akwai Timeshift, a openSUSE akwai Snapper, a Mac akwai Time Machine. A Linux kayan adon da ba daga ma'ajiyar rabonka suka fito ba a cikin foldar gidanka, wato inda fayilolinka suke, ya kamata su zauna, don haka idan wani kunshin launi irin wannan ya nemi kalmar sirrin mai cikakken iko da kwamfutar kafin ya shiga, ka tambayi dalili. Ka riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka kashe ka kunna, ka yi aiki da shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka ƙara wani, ta haka in matsala ta ɓullo ka san mai laifi. Kuma ka sani cewa System Restore ba ya dawo da takardunka da hotunanka, Timeshift ma a saitinsa na asali ba ya haɗawa da su. Waɗannan sai ka kwafe su daban a wani faifai na waje.