Farin allon da ya fitar da shagona kunya a ɗinkin 8 ga Maris

Duk telan da ke Garwa ta ƙasar Kamaru ya san Fabrairu ba wata ne na barci ba. Ana gama kayan faretin 'yan makaranta na ranar matasa, 11 ga wata, sai atamfar bikin ranar mata, 8 ga Maris, ta fara shigowa, kowace mace da irin ɗinkin da take so. Mu shida ne a shagona a Yelwa. Bara mun zauna mun yi alkawarin gama komai kafin 6 ga Maris, kowa ya ce to, amma ranar bikin da safe wata hajiya na zaune a benci tana jira a sa mata zif. Har yau ina jin kunyar nan.

Shi ya sa bana na sayi farin allo a babbar kasuwa, mai santimita 90 da 60, da alƙaluma huɗu da soso. Na kafa shi saitin ƙofa, na ja layi huɗu: mai kaya, aikin da ya rage, wanda zai yi, ranar karɓa.

Layi na uku shi ne ya gyara mu. Da can sai in ce "a yi surfanin nan", kowa ya ɗauka da ɗan'uwansa nake. Yanzu suna ne a rubuce, mai kaya ma in ta shigo tana gani. Kuma ba ni ke gogewa ba. Wanda ya gama shi zai ɗauki soso. Ƙaramin yaron da ke guga da sa maɓalli, wanda da sai na kira shi sau uku, ranar nan ya same ni ya ce, "Inna, saura biyu a layina, ki ƙara min." Wallahi sai da na ajiye almakashi na dube shi.

Kullum da safe kafin a taka keke muna tsayawa gabansa minti biyar. Wanda zare ya yanke masa ko yadi bai isa ba, a nan zai faɗa.

Allon kansa yana da kyau, yana goguwa tas, bakinsa na gorar ruwa bai lanƙwashe ba. Alƙaluman da aka haɗa da shi ne ba su da ƙarko. Zafin Garwa da ke haura digiri 40 ya busar da biyu cikin mako biyu, don haka a riƙa rufe su a ajiye a kwance. Wata rana kuma aka yi kuskuren rubutu da wanda ba ya goguwa. Sai muka bi kan rubutun da na allon, muka share tun bai bushe ba, ya fita.

Ga shagon da ya wuce mutum takwas wannan girman ya yi kaɗan, a nemi mai 120 da 90. Mu dai rigar ƙarshe ta bar hannunmu 5 ga Maris bayan la'asar, yanzu kuma shaddojin Sallah ne a kansa.