Yawon bin sawun 'yan mishan na Basel daga Osu zuwa Akropong: me kuɗinka zai saya?

Masu motocin yawon buɗe ido a Akra, babban birnin Gana, suna da wata hidima ta yini guda da suke tallatawa: su kwashi mutane daga unguwar Osu, su bi ta Abokobi, su haura tudun Akuapem har Akropong, suna nuna wuraren da 'yan mishan na Basel, wani birni a ƙasar Suwizalan, suka zauna, suka yi wa'azi, da yawansu kuma suka mutu. Makarantu da ƙungiyoyin coci ne suka fi shiga, amma matasan Nima da Mamobi da Madina, Musulmi da Kirista, su ma sukan haɗa kuɗi su ɗauki bas guda. Hanyar kam ta cancanci kuɗinta. Jagororin ne sai an tona, domin akwai wanda ya karanta tarihin, akwai kuma wanda ya haddace shekaru biyar ko shida yana maimaita su kamar karatun allo.

A fara da lokaci, don nan ne tafiyar take lalacewa tun ba a je ko'ina ba. Daga tsakiyar Akra zuwa Akropong kusan kilomita 50 ne, amma cunkoson Madina da Adenta kan cinye awa guda shi kaɗai. Duk mai motar da ya ce a haɗu ƙarfe tara, to ya riga ya yanke shawarar tsallake wani wuri bai faɗa muku ba, kuma galibi Sesemi ce ake yarwa. Ƙarfe shida da rabi a Osu shi ne daidai. A guji Asabar, saboda jana'izar mutanen Akuapem a ranar ake yinta, rumfuna da kujeru har bakin titi. Lahadi kuma majami'u cike suke da masu sujada, ba wanda zai buɗe muku ɗakin tarihi. Talata zuwa Alhamis sun fi. Mutum goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa. In aka wuce haka, na baya ba sa jin abin da jagora yake faɗa.

Osu ce zangon farko, kuma a nan ake gane ko jagora ya san aikinsa. A watan Disamba na 1828 'yan mishan huɗu na farko suka sauka a gidan sarautar Denmak na Christiansborg. Uku sun mutu a cikin 1829, na huɗun, Henke, ya bi su a 1831. A 1832 aka sake turo uku, har da likita, sai likitan ya riga kowa tafiya. Andreas Riis kaɗai ya tsira, kuma wani mai maganin gargajiya na ƙasar ne ya yi jinyarsa. Jagora nagari zai tsaya a nan ya bayyana dalili: zazzaɓin cizon sauro da shawara ne suke kashe su, a lokacin ba a san sauro ne yake kawo cutar ba, ana ɗora laifin a kan iskar fadama. Wannan kuskuren fahimta shi ya kai Riis kan tudu a 1835, ya kuwa dace, tunda sauro bai kai na bakin teku yawa a can ba. Wanda bai ba da wannan bayani ba, duk hawan dutsen da za a yi daga baya zai zama yawon shan iska kawai.

Game da shiga cikin gidan Christiansborg ɗin, a sa mai motar ya tabbatar da izini tun kafin ranar, kowa kuma ya riƙo katin shaidarsa. Fadar gwamnati ce har zuwa 2013, ba wurin da ake faɗawa kai tsaye ba ne. Ko ba a shiga ba, majami'ar Ebenezer ta Presbiteriya da makarantar Salem da aka kafa a 1843 suna kusa, ana iya zagaya su da ƙafa cikin minti arba'in.

A nan ya kamata a ji sunan Catherine Mulgrave, kuma abin takaici jagorori da yawa a jimla ɗaya suke wuce ta. An sace ta tana yarinya a gaɓar Angola, jirgin bayin da ya ɗauke ta ya yi hatsari kusa da Jamaika a 1833, aka ceto ta, gwamnan tsibirin wanda sunansa take ɗauke da shi ya riƙe ta na ɗan lokaci, ta yi karatu wurin Kiristocin Morabiya. A 1843 ta dawo Afirka tare da ayarin mutanen da aka ɗauko daga Jamaika da Antigua, ta riƙe makarantar 'yan mata a Osu. A 1851 ta auri Bajamushe Johannes Zimmermann, wanda ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Ga, ba tare da ya jira izinin shugabanninsa na Basel ba. A Osu ta rasu a 1891. Mace guda, ta ɗanɗani bauta da 'yanci da koyarwa, amma a bas sai a ce "matar Zimmermann" a wuce.

Daga Osu sai Abokobi, ta mahaɗar Pantang. Garin ya zama cibiyar mishan ne bayan 1854, lokacin da jirgin yaƙin Ingila ya yi wa Osu luguden wuta saboda mutane sun ƙi biyan harajin kai. Ingila ta sayi gidajen Denmak a 1850, shekara huɗu kacal kafin nan. Minti talatin sun wadatar: tsohon ginin mishan, majami'a, da tsarin unguwar Salem, wato unguwar da ake ware wa sababbin Kirista dabam da sauran gari. Mutumin Zango ba ya bukatar dogon sharhi kafin ya gane yadda unguwa ta dabam take kare mutum, take kuma nisanta shi da 'yan gari.

Sesemi, wadda take ɗan gaba kaɗan a gindin tudu, ita ce wurin da bai kamata a yarda a tsallake ba. Nan ne gonar Frederiksgave ta sarautar Denmak, wadda aka gyara gininta aka mai da shi gidan tarihi. Denmak ta yi dokar hana fataucin bayi ta teku a 1792, ta fara aiki a 1803, kafin ta Ingila ta 1807 da William Wilberforce ya shafe shekaru yana fafutuka a kanta a majalisa. Sai dai hana ɗora bayi a jirgi bai hana sa su noma a nan gida ba. Gonakin kofi na wannan yanki bayi ne suka nome su bayan dokar. Jagora yana son ya ce Turawa sun hana bauta a shekara kaza a tafa masa, alhali ginin da kuke tsaye a gabansa yana faɗin wani abu dabam. A shekarun da suka biyo baya ma sai a 1874 Ingila ta yi dokar 'yanta bayi a ƙasar Gwal Kos kanta, wato Gana ta yau. Hanyar Sesemi kan yi laka da damina, musamman Mayu da Yuni, don haka a tambayi direba irin motar da zai kawo.

Wannan shi ne babban aibin hidimar gaba ɗaya: ana wanke mutanen tarihin tas har su daina kama da mutane. Riis jarumi ne, ba musu. Mutanen Akropong sun sa masa suna Osiadan, wato magini, saboda gidan da ya gina da hannunsa. Amma ƙorafe-ƙorafe sun kai Basel a kansa, na tsanani ga Jamaikawan da ya kawo, da na sayen bayi don aikin gona, aka kira shi gida a 1845, bai kuma sake dawowa ba. A farkon shekarun 1860 shugaban mishan ɗin, Josenhans, ya kafa doka cewa ɗan coci ba zai riƙe bawa ba, sai ga Zimmermann, mijin wadda aka taɓa sacewa, yana cikin masu jayayya da gaggawar dokar, yana ganin bautar cikin gida ta ƙasar ta bambanta da ta gonakin Amurka. David Asante kuwa, ɗan gidan sarautar Akropong da ya yi karatu a Basel, a Kyebi ya yi ta karo da Sarki Amoako Atta kan bayin fada da suke shiga coci, har aka kore shi daga garin a 1877. Waɗannan su ne naman labarin. Ku tambayi jagora su tun a waya, kafin ku tura masa ko sidi ɗaya. In ya yi shiru a kan Asante da Kyebi, nemi wani.

Hawan tudun daga Ayi Mensah zuwa Aburi yana da kwanoni masu kaifi, wanda mota take juya wa ciki ya zauna gaba. Da hunturu ƙura takan rufe Akra, ba a ganin komai daga sama. Masu motar suna son tsayawa a lambun Aburi na 1890 saboda hotuna. Wuri ne mai kyau amma ba ya cikin wannan labari, kuma awa guda yake ci. Gara a ba Mampong minti ashirin, a ga gonar Tetteh Quarshie, wanda ya koyi ƙira a wurin 'yan Basel kafin ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879.

Akropong ita ce ta biya kuɗin tafiyar. Sanyin garin kansa bayani ne. Akwai kwalejin horar da malamai da ta samo asali daga makarantar 1848, da titin Hanover inda Jamaikawa suka zauna, da makabartar mishan, inda ya kamata a bar mutane su karanta duwatsun da kansu su lissafa shekarun mamatan. Da yawa ba su kai arba'in ba, ga kuma kaburburan yara. Cibiyar Akrofi-Christaller ta nazarin addinin Kirista tana cikin tsohon ginin Basel, sai an sanar da zuwa tun da wuri. Johann Gottlieb Christaller shi ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Twi da ta fito a 1871, ya tattara karin magana 3,600 a 1879, ya fitar da ƙamus a 1881, kuma da taimakon 'yan ƙasa irin su Asante ya yi. A ba garin awa biyu cur. Yawancin masu motar minti arba'in suke bayarwa saboda sun ɓata lokacin a Aburi.

Abin da babu jagoran da yake kawowa, ga shi kuwa ya shafe mu kai tsaye, shi ne zaren da ya haɗa wannan tudu da Hausawa. Theophilus Opoku, fasto ɗan Akropong, ya je Salaga a 1877 ya rubuta abin da ya gani a kasuwarta, wadda fataken Gwanja suke sayen goro a cikinta, ake kuma sayar da bayi. Bayan yaƙin Salaga na 1892 'yan kasuwa suka watse, Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete Krachi. A can ya haɗu da Adam Mischlich, wanda ɗan mishan na Basel ne kafin ya shiga aikin gwamnatin Jamus, ya karanci Hausa a wurinsa, ya kuma fitar da ƙamus na Hausa a 1906. Ayarin da ya fito daga Zango ya roƙi a saka wannan, ko wani daga cikinku ya shirya ya faɗa a bas a hanyar dawowa.

Wajen ciniki, a rubuta a saƙon waya wuraren da za a tsaya ɗaya bayan ɗaya, a kuma fayyace ko kuɗin ya haɗa da na shiga Sesemi da Mampong da ɗan abin da ake ba mai buɗe majami'a, domin rigimar yamma kullum a kan wannan take tashi. Rabi kafin tashi, rabi bayan an sauka. Abincin da suke haɗawa cikin farashi ba lallai ya dace da mai kiyaye halal ba, don haka a ce a cire shi, a ƙunso wake da shinkafa daga Nima da ruwa lita biyu ga kowane mutum. A yi wa direba maganar azahar da la'asar tun da safe don ya san inda zai tsaya. Mata su riƙo mayafi, maza su cire hula in mai kula da majami'a ya nema, kuma a nemi izini kafin a ɗauki hoto a makabarta. A baro Akropong kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba magariba a cunkoson Adenta za ta same ku.